Mai Sikeli a Ɗakin Wankin Ƙoda

Baba Mai Sikeli ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin wani sito, yana auna buhunan da manoma ke kawowa. Aikin ne ya ɓata shi ko kuwa dama haka aka haife shi, oho. Buhu ya yi nauyi, sai ya cusa hannu ya ji ko an yayyafa wa kayan ruwa. Ya yi sakayau, ya juya shi yana neman huji. Marigayiya matarsa takan ce ranar da aka miƙa masa 'yarsu tana jaririya, sai da ya jinjina ta a hannu kafin ya yi murmushi.

Tsufa ya zo masa da ciwon ƙoda. 'Yar tasa, wadda yanzu tela ce mai shagonta, ta kai shi asibiti a wanke masa jini. Ya ga jininsa na fita ta siririn bututu, ya ratsa wata kwalbar roba, ya dawo jikinsa, abin bai dame shi ba. Awo ne ya tsaya masa a rai. An ɗora shi a sikeli kafin a fara, an sake ɗora shi bayan an gama, ya ga ya ragu.

"Me suka cire?" ya tambaye ta a hanya.

"Baba, ba abin da aka ɗaukar maka, ko ƙwayar zarra."

Nan ta yi ɓarna ba ta sani ba. Shi bai taɓa ganin an juye kaya daga buhu zuwa buhu ba a yi zuba ba, kuma duk wanda ya rantse masa ba a yi ba, to da shi aka haɗa baki. Ya fara yi wa 'yar cikinsa kallon ƙasa-ƙasa. Ƙus-ƙus ɗin me take yi da ma'aikatan a bakin ƙofa? Ya ce ba zai koma ba.

Hali zanen dutse. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya fara yi masa wuya. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a kan kekenta na ɗinki, don ta san taurin kan nan zai iya kai shi kabari. Da ƙyar ya yarda ya je, da sharaɗin tambaya kawai zai yi.

Wata dattijuwar nas ta ɗauko irin kwalbar nan da aka tsaga don nuni. Cikinta cunkus da zaruruwa kamar gashi.

"Baba, kowane zare bututu ne, jikinsa kuma tantani ne mai ƙofofin da ido ba ya gani. Datti da ruwan da ya taru maka su fice ta nan, ƙwayoyin jini sun fi ƙarfin ƙofar. Kowace ƙwayar halitta a jikinka ma tantani ne ya lulluɓe ta, shi ke tantance mai shiga da mai fita. Nauyin da ka ga ya ragu, ruwa ne."

Wato shi ne jiƙaƙƙen buhun. Abin bai yi masa daɗi ba. Ya ƙura mata ido.

"Na kirki fa? Ba ya bi?"

"Yana bi," ta ce. "Wasu bitamin na zurarewa tare da dattin. Shi ya sa sai an gama muke cewa ka sha ƙwayar bitamin ɗinka."

Ya juya ga 'yarsa.

"Ke kuma kika ce ba komai."

"Tsoro nake ji, Baba."

Ya naɗe hannun riga a hankali, ya miƙa wa nas.

"To, a fara. Ke kuma zauna nan inda zan riƙa ganinki."

Ta zauna, ranta a ɓace, ta ɗauka zargin ne bai ƙare ba. Da allura ta shiga, sai ta ji ya damƙe gefen mayafinta, bai saki ba har aka kashe injin wankin jinin.