Jan Zaren da Ban Ɗaura Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, bakaniken keke, wanda mahaya suka fi sani da Mai Zare. Ya rasu ne a ƙasan gangaren da ke bayan shagonmu, yana gwada birkin wani keken hawan dutse. Ni ƙaninsa ne, shekara goma sha tara muna aiki a kan benci ɗaya.

Yaya, yau kwana tara ke nan, amma kullum na buɗe shago sai na matsa gefe don ka fara shiga.

Kai ka koya mini gyaran birkin keke mai aiki da mai tun yana baƙo, lokacin da sauran kanikawa ke cewa wannan aikin masu mota ne. Ka nuna mini yadda ake yanke tiyo da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya, ba karkace. Ka nuna mini ɗan zoben tagullar nan da ake zura wa bakin tiyo, wanda noti ke matsewa har ya kama. Ka ce sau ɗaya yake matsuwa a rayuwarsa, kowane tsohon zobe kuma sai ka jefa shi cikin gwangwani. Na taɓa ce maka wannan ɓarna ce, sai ka harare ni ka ce, "To saka wa naka keken mana, mu gani." Ban saka ba.

Amma abin da ka fi tsoro shi ne iska. Kakan ce iskar da ta maƙale a tiyo munafuka ce. A shago sai hannun birki ya yi tauri kamar lafiya lau, sai an hau gangara, farantin birki ya ɗau zafi, sannan ta saki mutum. Shi ya sa ka kafa mana doka: duk keken da ba a gama cire wa iska ba, a ɗaura masa jan zare a hannun birki. Keke mai zare, ko mai shi ba ya taɓa shi. Wanda ba shi da zare kuwa ya gama, sai ka hau da kanka ka sauka gangaren nan kafin ka miƙa wa mai shi.

Har gobe ana ba da labarin ranar da wani malamin makaranta ya yi sauri, ya janye kekensa da zarensa kana bayan gida. Ka bi shi da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, kana ihu kamar an yi sata. Da ka cim masa, ba faɗa ka yi ba. Kekenka ka ba shi ya tafi makaranta, kai ka turo nasa da ƙafa. Akwai kuma ma'aikaciyar jinyar da ka tsayar tana wucewa, don kawai ka hango tiyon birkin kekenta yana gugar ƙarfe. Ta zo gaisuwa shekaranjiya.

Yanzu bari in faɗi abin da na kasa faɗa a zaman makoki.

Keken da ka hau ranar, ni na canza masa tiyo. Na gama na baya tsaf. Na gaban na saka sabon zobe, na matse noti, na ɗura mai da sirinji, saura in sake bi in kori ragowar iska. Na yanko zare zan ɗaura, sai mai kawo mana kaya ya tsaya a bakin titi yana danna ham. Na ce bari in karɓo, minti biyu ne. Da na dawo, ba kai, ba keke.

Waɗanda suka gani sun ce mota ce ta fito daga kwana ba zato. Wasu sun ce ka ja birki, wasu sun ce ba su lura ba. An dawo da keken, taya a lanƙwashe, tiyon gaba ya tsinke a wajen faɗuwa, man ya tsiyaye. Na juya shi ya fi sau ashirin. Ba zai taɓa gaya mini ko iskar ce ba.

Zaren kuwa, sai a kwana na uku matata ta tsince shi a aljihun rigar aikina za ta yi wanki. Ta miƙo mini tana cewa, "Wannan na shago ne ko?" Na ce eh.

Na san ajali ba ya jira, na kuma san kwananka ne ya ƙare. Kowa ya faɗa mini haka, ni ma na gaskata. Amma kai ba ka karya dokarka ba, Yaya. Ka duba hannun birki, ba ka ga zare ba, ka yarda da ni ka hau.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka tsare rayukan mutanen da ba su ma san ka tsare su ba, Allah Ya tsare ka daga azaba, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da matarka, da 'ya'yanka huɗu, da duk mahayan da suka tsaya a ƙofar shago. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Mama, kin riƙe hannuna a makoki kin ce yanzu ni kaɗai na rage miki. Na kasa kallon idonki, ga dalilin nan na rubuta. Ki yafe mini in za ki iya. Keken yana nan jingine a inda aka ajiye shi, kuma jiya na ɗaura masa zaren.