Ranar da Aka Cire Sunanta

Ni da maƙwabciyata, wata nas da aiki ya kawo Sakkwato daga Filato, munka fara ƙungiyar iyayen yara masu sikila a tsakar gidana, a Ƙofar Taramniya. Kowaccenmu ta binne ɗa saboda ciwon nan. Duk Asabar mata kan taru, tana koya musu yadda za su kula da yaro in ciwon ya tashi.

Da munka yi yawa, sai munka tafi wurin wani lauya don yin rajista. Sunanta ne na farko cikin amintattun ƙungiya. Muna jiran takardar shaida ta yi hatsari a hanyar garinsu, ta rasu.

Bayan sati biyu lauyan ya kira ni ofis. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, dole a cire sunanta. Wa za a sa a madadinta?"

Na ce, "Barista, ba ni da kamarta."

Ya miƙo mini biro. Na daɗe ina kuka kafin na rubuta sunan ƙanwata. Takardar ta fito, amma har yau na kasa rataye ta a bango.