Gawon Gindin Badala

Jiya da hantsi na bi ta gaban shagon mai wanki da guga a bakin layinmu, sai ƙamshin kakin da aka sa wa sitaci ya sha dutsen guga na gawayi ya bugi hancina. Na tsaya cak kamar wanda aka kira. Kayan wani yaro ne ɗan sikawut, riga da wando, an shimfiɗa a kan tebur, ga bajo biyu a ɗinke a hannun rigar. Mai gugar ya ce, "Alhaji, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, na wuce. Amma har na isa gida hankalina ba ya jikina, yana can shekarar da nake aji biyar a firamare, lokacin da ba ni da wani buri a duniya sai bajo.

In ba ka yi sikawut ba, da wuya ka gane. Bajon nan ɗan ƙyalle ne da bai cika tafin hannu ba, amma mu a wurinmu ya fi kayan salla. Malaminmu na sikawut saurayi ne haifaffen Gwammaja, mai tsafta, mai son busa usur ko da dalili ko babu. Shi ya gaya mana cewa bajon aikin waje guda uku ne: na tafiyar ƙafa, na kwanan daji, da na kula da itace. Duk wanda ya haɗa ukun nan a shekara ɗaya, ranar rufe makaranta za a kira shi gaban iyaye a rataya masa igiya a kafaɗa. Wallahi igiyar nan har mafarkinta na sha yi.

Biyun farko ba su ba ni wuya ba. Mun tashi daga makarantarmu a Gwale bayan sallar asuba, muka bi gefen ganuwa, muka hau Dala muka sauko, muka dawo ƙafafu duk sun yi bororo, aka ba mu na tafiya. Daga baya aka kwashe mu a bayan a-kori-kura zuwa wani fili can bayan gari, muka kafa tanti, muka dafa shinkafar da ƙasanta ya ƙone samanta bai nuna ba, muka cinye tas muna santi, aka ba mu na kwanan daji. Na dawo gida ina hura hanci.

A zaure na tarar da kakana. A nan kullum za ka same shi, a kan buzunsa, yana tufkar igiya. Bafulatani ne da ya yi rayuwarsa a bayan shanu, har fari da ciwo suka cinye garken tun kafin a haife ni, Baba ya je ya ɗauko shi ya kawo shi gidanmu na Mandawari. Kowa a gidan yana girmama shi, ana durƙusawa a gaishe shi, ana kai masa fura a kan kari. Sai dai ba mai tambayarsa komai. Abin da ya sani na daji ne, mu kuwa a cikin birni muke. Ni kaɗai nake zama wurinsa, shi ma don wasan jika da kaka ne, ya zolaye ni in zolaye shi.

Ya jujjuya bajon a hannunsa ya ce, "To ragon birni, yanzu kwana ɗaya a cikin ɗakin ƙyalle shi ne har da lambar yabo? Ni da na shekara arba'in ruwa na dukana a waje, buhu nawa za su ba ni?"

Na ce, "Kai ai ba ka da kaki, Kaka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na uku shi ne ya zame mini ƙaya. Da ruwa ya ɗauke, malam ya raba wa kowa dashen darbejiya a cikin leda, ya ce a dasa, a raine shi ya ƙetare rani, in damina ta zauna zai bi ɗaya bayan ɗaya ya duba. Na dasa nawa a ƙofar gida da yamma. Kwana uku bai yi ba awakin maƙwabta suka mayar da shi tsinke. Na je wa malam ina share hawaye, ya ce dashe ya ƙare, amma in na sami wani ƙaramin itace na raina shi ma ya yi, muddin ya zo ya gan shi da rai.

Kakana da ya ji, sai ya ajiye igiyarsa ya ce in miƙo masa sanda. Ban taɓa ganin ya wuce masallacin unguwa ba, gwiwoyinsa sun riga sun gaji. Amma ranar haka muka ratsa lunguna a hankali, yana tsayawa yana hutawa, har muka fita can gindin badala, inda ake zubar da shara, kusa da wani kududdufi da masu yin tubali suke ɗibar ƙasa. Ya daɗe yana dube-dube. Can ya nuna wani ɗan itace mai farar ƙaya wanda bai wuce ƙuguna ba, awaki sun gwaigwaye shi ta ko'ina.

Ya ce, "Ga ɗanka nan. Gawo ne. Darbejiyarku ko jaki ba ya marmarinta, wannan kuwa shi ya riƙe mana shanu a shekarun da ciyawa ta ƙare."

Shi ya koya mini yadda ake masa shinge. Muka saro ƙayar magarya, ya nuna mini yadda ake kafa ta a karkace, bakin yana kallon waje, a danne gindin da dutse yadda akuya ba za ta tura kai ba. Hannuna duk ya tsattsage, shi kuwa yana kama ƙayar nan kamar yana kama tsintsiya. Ranar na ji yana 'yar waƙa da Fillanci ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ranin nan kaf na yi wa gawon nan bauta. In na taso daga makaranta sai in cika tsohon galan a famfon unguwa in ɗauka a ka. Lokacin zafi, da dashen abokaina suka fara langaɓewa, wasu suka bushe, nawa sai ƙara kore yake yi shar. Ya yi tsawo har ya kai mini kafaɗa. Duk yamma sai kakana ya tambaye ni, "Yaya ɗan namu?" In ba shi labari, ya gyaɗa kai.

Sai ruwa ya sauka. Gari ya yi sanyi, ciyawa ta tsiro har a kan katanga, kowane itace a birnin nan ya yi sabon ganye. Gawona kuwa sai ya fara zubar da nasa. Cikin 'yan makonni ya koma ƙaya zalla, fari fat. Na rugo gida na gaya wa kakana. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Halinsa ke nan. Da damina yake hutawa, in kowa ya bushe shi kuma ya tashi. Ka bar shi." Na yarda da shi rabi da rabi.

Ranar dubawa malam ya zo da mu a jere, hadari ya haɗo, ga yara da yawa da zai bi. Wurin ya yi taɓo, shi kuma yana sanye da farin takalmi, don haka daga nesa ya tsaya. Ya dubi gawon, ya dube ni, ya ce cikin tausayi, "Ka yi ƙoƙari, amma wannan ya mutu." Na ce, "Malam, kakana ya ce hutawa yake yi." Kai, ina ma ban faɗa ba! Yara suka tuntsire da dariya, wani ya ce a kawo masa matashin kai. Malam ya busa usur ya tsawata musu, sannan ya ce bai taɓa ganin itacen da ya zubar da ganye ruwa na zuba a kansa ba, amma in ya farfaɗo in kira shi. Ban riƙe shi a zuciya ba. Mutumin kirki ne, a littafi ya san itatuwa, ko fartanya bai taɓa riƙewa ba.

Ranar rufe makaranta ina zaune a baya na ga an rataya wa abokaina igiya. Da aka tashi ban nufi gida ba. Na je gindin badala na bi shingen nan da ƙafa, na watsar da ƙayar, na ture duwatsun. Daga nan na shiga zaure, ko gaisuwa babu, na ce wa tsohon nan, "Kai ka ja mini. Malam ya yi karatu, kai me ka sani ban da shanun da ma ba ka da su?"

Bai ɗago ba. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da tufka. Bai kai ƙarata wurin Baba ba, da na sha dukan da ban taɓa sha ba. Abin da ya yi kawai, ya daina zolayata. In na gaishe shi ya amsa da kyau, ya sa mini albarka, shi ke nan. Wannan ya fi mini dukan ciwo, amma girman kai na yaro ya hana ni ba shi haƙuri. Hutun nan duka ban sake taka gindin badala ba. Na dai lura wasu ranakun da hantsi buzunsa ba kowa, in ya dawo kuma bakin rigarsa da taɓo. Inna ta ce wai tsoho ya koyi yawo. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan an koma makaranta, ruwa ya ɗauke, aka aike ni sayen tubali. Ina karya kwanar kududdufin nan na hango shi. Ciyawa ta fara ja, shi kuwa ya yi kore shar tun daga ƙasa har sama, ya fi ni tsawo. Kuma ga shinge kewaye da shi, sabuwar ƙaya a karkace, bakinta na kallon waje, an danne gindin da duwatsu.

Mai tubalin ya ga na saki baki, ya ce, "Ai na wani dattijo ne. Duk bayan kwana biyu sai ya zo da sandarsa ya gyara, in ruwa ya kwashe ya sake. Rannan ma santsi ya kwashe tsohon ya faɗi, mu muka ɗaga shi. Na ce Baba ka bari mana, ya ce a'a, na jikansa ne, yaron ba ya jin daɗi ne shi ya sa bai zo ba."

Ban san yadda na kai tubalin nan gida ba. Washegari na kira malam. Wannan karon ya tako har gindin itacen, ya taɓa ganyen, ya cire hularsa ya sosa kai ya ce, "Ikon Allah! Ashe ni ne ɗalibin." Da yammar ranar ya zo gidanmu da kansa, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa gaban kakana ya nemi afuwa. Ya yi ta tambayarsa sunayen itatuwa, da wanda dabba ke ci da wanda ke kashe ta, yana rubutawa. Tsohon nan ya yi ta bayani har aka kira magariba, muryarsa ta buɗe yadda ban taɓa ji ba. Sai malam ya zaro bajon da igiyar daga aljihu, ya ce, "Yaron nan ya cancanta. Kowa ya yi masa dariya, amma bai yar da itacensa ba."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Na dubi kakana, ya dube ni. Ya san abin da na yi wa shingen, ni ma na san wanda ya mayar da shi. Jira nake ya faɗa, sai kawai ya ce, "Karɓi mana, ragon birni. Kai wa innarka ta ɗinka maka." Na miƙa hannu biyu na karɓa.

Bai ga wata daminar ba. Na yi ta cewa gobe zan ba shi haƙuri, gobe zan gaya wa malam gaskiya, har aka wayi gari ana naɗe buzunsa.

Yanzu wurin nan ba za ka gane shi ba. An cike kududdufin, badalar ta zaizaye, an jera shagunan sayar da kayan waya, gawon kuma an sare shi tun ina saurayi. Yaran unguwarmu har yau suna sikawut, ina ganinsu ranar Asabar da kakinsu, sai dai in ka ce musu gawo ba su san kamarsa ba, kuma babu sauran tsoho a zaurukanmu da zai kama hannunsu ya kai su. 'Ya'yana sun taso suna jin cewa babansu ya haɗa bajo uku a shekara ɗaya, ni ma ban taɓa gyara musu ba. To yau na gyara. Biyu ne nawa. Na ukun na wani tsoho ne da ya faɗi a cikin taɓo yana rufa mini asiri, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya yafe mini.