Allura Ta Ce Shida

Shekarun baya, zamanin Faransawa, ni ne shofer na kamiyon, wato babbar motar masu allurar shanu, a Dakoro. Ni da abokina muke yawo, shi ke yin allurar. Ya yi lakwal, makarantar boko, a Maradi, ni kuwa sitiyari ne iyakar bokona, amma ji nake duk ƙasar ba wanda ya san ƙarfe kamata.

Ƙa'ida ita ce ba a ƙara wa batir ruwa sai na sama, wanda muke tarawa da damina a kwalabe. Da rani ya yi nisa, mahaifiyata ta kamu da ciwon ido, na kai mata kwalbar ƙarshe ta riƙa wankewa. Batir kuwa na ɗura masa ruwan rijiyar unguwarmu mai ɗanɗanon kanwa. Na ce ruwa ai ruwa ne. Kullum in na ɗora agogon awo, allurarsa ta tsaya a kan volt shida cif, sai in yi gaba abina. Ban faɗa wa kowa ba.

Wani hantsi muna dajin Tagriss, mun gama da wani garke, makiyaya sun kora sun yi nisa, abokina ya kewaya bayan wata ƙaya. Sai na ji salati. Kububuwa ta sare shi a idon sawu. Na ɗaure ƙafar da rawanina, na ɗora shi a kujera, na danna maɓallin tayarwa. Injin ya yi gurnani sau ɗaya ya yi shiru.

Wallahi nan take na diro daga mota. Na ɗauko agogo na auna: shida. Na ce to batir lafiya lau. Na kwance buji mai ba injin tartsatsin wuta na goge, na busa bututun mai, na shiga ƙarƙashin mota na fito. Ko'ina na taɓa ban da inda zuciyata ke nuna mini, don in na ce batir ne, sai na faɗi abin da na zuba masa. Rana ta take tsaka, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Da ya tofar da yawu sai na ga jini a ciki.

Ya ce, "Shofer, ɗora agogon, ni zan danna. Kada ka ɗauke ido."

Ya miƙa hannu da ƙyar ya danna. Ina kallo allura ta faɗo daga shida zuwa ƙasa da uku. Ya saki, ta koma shida kamar ba ita ba.

"Me ka ba shi ya sha?"

Na faɗa masa, kaina a ƙasa.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce, yana numfashi sama-sama, "Shidan nan ƙarfinsa ne yana zaune. Cikinsa ya toshe. In an ja wuta da yawa, can ciki take ƙarewa, abin da ke isowa baki kaɗan ne. Kamar rijiya mai raunin ido ce, guga ɗaya ta ba ka, a kawo garke ta ƙafe. Maɓallin nan garke ne. Buji kuwa guga ɗaya yake so. Ɗauko manibel."

Manibel shi ne ƙarfen da ake murza injin da hannu, yana can ƙarƙashin akwatunan magani, ban taɓa waiwayarsa ba. Na watsar da akwatunan, na soka shi a hancin mota, na yi bisimilla. A murzawa ta huɗu injin ya kama. Ban ƙara bari ya mutu ba har Dakoro, daga nan aka wuce da shi Maradi.

Ya rayu, amma an yanke ƙafar daga gwiwa. Da kumandan, Bafaranshen da ke mulkin Dakoro, ya tambayi abin da ya tsayar da mu, abokina ya ce rairayi ne ya riƙe taya.

Mutane na cewa in na ba da labarin nan darasina shi ne a gwada batir da kaya a kansa. Haka ne, amma ba shi ke damuna ba. Na san inda cutar take tun dannawar farko, na tsaya goge buji wajen awa biyu saboda kunya. Shekara talatin muka yi bayan nan muna shan shayi a tabarma ɗaya. Sau da yawa na buɗe baki in tambaye shi ko awa biyun nan ne suka ci ƙafar, sai tsoro ya rufe mini shi. Har aka binne shi ban tambaya ba.