Itacen Yagana da Gara Ta Ƙi Ci

A Gwallaga, in ka tambayi inda ake sayar da masa, za a nuna maka wuri biyar. In ka tambayi inda ake cin masa kuwa, wuri ɗaya ne: rumfar Yagana, bayan ƙaramin masallacin da ke kwanar masu gyaran keke. Shekara ashirin da biyu ke nan tana zaune gaban tanda. A Bauchi aka haife ta, iyayenta ne suka zo daga Borno, amma har yau in ranta ya ɓaci Barbarci ke riga Hausa fitowa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, kuma tandar nan ce ta aurar da biyu, ta riƙe biyu a makaranta.

Abu biyu take tinƙaho da su, ƙullunta da itacenta. Na ƙullun ba a musu. Na itacen ne labari.

Hammajoda, wani Bafulatani mai jigilar kaya da a-kori-kura, shi ke kawo mata shi. Shekara shida da suka wuce, wani ɗan kwangila ya cire tsofaffin falwayoyin lantarki na katako ya kafa na siminti, ya ce masa ya kwashe tarkacen ya kai inda ya ga dama. Hammajoda ya yanyanka da zarto, ya sauke a ƙofar Yagana. Tun daga nan duk inda ya ga irin katakon, mai ɗan kore-kore kamar an goga masa ganye, sai ya ɗebo mata.

"Babarbariya, ga sadakar Fulani," haka yake cewa in ya zo.

"Sadakar Fulani ai tarkace ne dama," ta kan ce, tana miƙa masa masa shida da miya. "Zauna ka ci, ko ka yi ɗan nauyi iska ta daina kaɗa ka."

Itacen ya yi mata. Da damina, na sauran mata ya jiƙe ya ruɓe, gara ta mai da shi gari. Nata ko shekara ya yi a jibge, gara sai ta zagaye shi ta wuce kamar ta ga surukinta. Tokar ma ba ta zubarwa, da ita take dirje tukwane, hannu tsirara.

Sai tari ya zo ya yi sallama ya ƙi tafiya. Bayansa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A asibiti aka ce limoniya ce, wato ciwon huhu, aka yi mata allurai, ta warke, ta koma gaban tanda. Wata uku, ga ta an sake ɗaukowa a keke tana numfashi sama-sama. Aka gwada kakinta ko tarin fuka ne, ba shi ba ne. Da ta kwanta karo na uku cikin shekara guda, likita ya cire tabarau ya ce mata, "Hajiya, in ya sake dawowa, ke da wuta kun rabu ke nan."

Yagana ba ta tsoron allura. Wannan maganar ce ta hana ta cin abinci kwana biyu. Ba ta san wata sana'a ba, ba ta kuma ga kanta zaune a ɗaki tana jiran a kawo mata ba.

A ɗakin da aka kwantar da ita akwai wata nas, Sista Lilian, wadda ta daɗe tana cin masar Yagana, ko da yake Hausarta ba ta gama nuna ba. Sati biyu da sallama ta biyo da safe ta duba ta. Ta tarar da ita zaune daram cikin hayaƙi tana juya masa, Hammajoda a gefe yana aikin da ya fi iyawa, wato ci.

"Mama! Ba an ce ka huta ba?"

"Na huta, 'yata. Jiya har azahar ina kwance."

Benci ya cika, sai Sista ta jawo guntun itace za ta zauna. Ta tsaya. Ta juya shi, ta kankare gefensa da makullin babur ɗinta, ta dubi murhu, ta dubi Yagana.

"Mama, wannan ne kana ƙonawa?"

"Shekara shida. Kin gan shi nan, ko gara ba ta taɓa shi."

"Ka taɓa tambaya me ya sa gara ba ya taɓa shi?"

Hammajoda ya daina tauna.

Sista ta ce mahaifinta kafinta ne, a cikin katako ta girma. Irin wannan ana jiƙa shi ne da magani don kada ƙwari su ci, a cikin maganin kuma akwai guba mai suna asenik. In yana tsaye a titi bai dami kowa ba. In aka sa masa wuta, gubar ta bi hayaƙi, sauran ta zauna a toka.

"To ni ai ƙwayoyin cuta aka ce sun kama min huhu," in ji Yagana. "Ba a ce guba ba."

"Gaskiya ne, Mama. Amma dukkanmu muna shaƙan ƙwayoyin nan kullum. A cikin huhu akwai masu gadi, su ke kama bakteriya su haɗiye kafin ya yi yawa. Wannan guba yana kashe musu jiki. Allura ya kori ɓarayi, kin dawo gida, masu gadi suna nan a kwance, ɓarayi su sake shigowa."

"Masu gadin ma Barebari ne ke nan," in ji Hammajoda a hankali. Ba wanda ya yi dariya, har shi kansa. Ya ajiye kwanon. "Yagana, wallahi ban sani ba. Da hannuna na kawo miki."

"Ni kuma da hannuna na tura a wuta. Ɗauki kwanonka, kada ka yi min kuka a rumfa ka kori mutane."

A take ta janye itacen daga murhu, ta yayyafa masa ruwa, ta aika aka kawo gawayi. Sista ta kai maganar gaban likita, aka aika da fitsarin Yagana gwaji. Sakamakon ya ɗau lokaci, da ya dawo kuwa ya nuna gubar a jikinta. Likita bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce ta rabu da itacen, ta buɗe rumfar iska ta riƙa wucewa, kuma ko ɗan zazzaɓi ta ji ta zo a ranar.

Tokar aka jiƙa, aka ƙulle a buhu, Hammajoda ya kai ta nesa da rijiya da gidaje. Saura tulin itacen. Ruƙayyatu, maƙwabciyarta mai ƙosai, ta leƙo ta katanga.

"Yaya, tunda kin daina, a ba ni mana."

"Ba zan ba ki ba."

"Kai, rowa har ta itace?"

"Ki je ki faɗa wa unguwa duka. Gara ki zage ni da ƙirji lafiyayye."

Sai da Yagana ta zaunar da ita ta yi mata bayanin masu gadin nan, har da ƙari, sannan ta zagaya sauran masu suya huɗu ta maimaita. Dogayen guntayen Hammajoda ya kafa su suka ɗaga rufin rumfar sama, aka cire buhunan da suka toshe gefe. Gajerun ya kwashe.

Damina biyu ke nan Yagana ba ta kwana a asibiti ba. Sau ɗaya ta yi tari ta garzaya, aka duba aka ce mura ce. Har yanzu in ta yi sauri tana haki, amma kullum bayan asuba tana gaban tandarta.

Hammajoda bai daina kawo itace ba, sai dai yanzu daga daji. Kafin ya sauke, Yagana kan tashi ta zaro ɗaya, ta juya shi, ta leƙa ƙarƙashin ɓawon. Ran nan ta tarar da gara ta yi hanya a jiki, tana ta hidimarta.

"Kash, wannan ya fara lalacewa," in ji Hammajoda. "Bari in ware shi."

"Sauke min shi nan," ta ce. "Tunda ta ɗanɗana ba ta mutu ba, ni ma zan iya."