Allin Baba Shuu

Mutanen bayan tudu masu wanki ne da masu dako da 'yan gyaran takalma. Kowane gida da rediyo, amma tudun ya tare musu iska. Gidajen labarai biyu ne a garin, Babba da Ƙarami, kullum suna ja-in-ja a kan wanda ya fi masu saurare, mutanen bayan tudu kuwa in sun murɗa rediyo, sai shuu.

Injiniyan Ƙarami ne ya ɗauki abin a ransa. Kowace safiya yakan fito da 'yar rediyo manne a kunne da alli a aljihu, ya gangara bayan tudu a ƙafa. Inda muryar mai labarai ta mutu, nan zai tsaya ya ja layi a bango, ya koma ya hau dogon ƙarfen tashar ya karkata eriya ɗan kaɗan. Yara suka sa masa Baba Shuu.

"Baba Shuu, yau ma aljanunka kake saurare?" in ji wata mai wanki.

"Su ne, 'yar'uwa. Sun ce jibi za su kwana gidanki."

Jibin kuwa ta ji labarai tana shanya, har ta saki zanen mutane a ƙasa.

Shekara goma sha tara layin allin yana matsawa gida gida, har ya kai bakin rafi. Kai ne ka hau ƙarfen nan rana tana dukan ƙeyarka, Baba. Kai ne kunnenka na hagu ya mutu, ka mai da rediyon na dama, ba ka faɗa wa kowa ba.

Sai Babba ta sayo sabuwar na'ura, ta mamaye kasuwa da unguwannin masu hali. Manajan Ƙarami ya kira Baba ofis.

"Injiniya, juya mana eriyar nan ta kalli kasuwa. Masu talla duk sun gudu."

"Ranka ya daɗe, in na juya, bayan tudu sun kurumce."

"Me suke saya? Batir?"

Baba ya ce a bar shi damina ta wuce. A daminar ne aka yi sanarwar za a saki ruwan madatsa da la'asar. Babba ma ta faɗa, amma muryarta ba ta taɓa tsallake tudun ba. A Ƙarami mutanen bayan tudu suka ji. Mai wanki ta goya jikanta, 'yan dako suka ɗauki tsofaffi, aka hau tudu. Ruwa ya ci gidaje talatin da ɗaya, bai ci rai ko ɗaya ba.

Ba a ambaci sunansa a labarai ba. Da ruwa ya janye, manaja ya ce, "Damina ta wuce." Baba ya dubi hannuwansa ya ce ba za su iya ba. Aka ba shi takardar ajiye aiki, aka kawo wani ya juya eriyar cikin rabin awa.

Makon jiya Baba ya gangara bayan tudu da jikarsa, 'yar aji uku, tana riƙe masa rediyon. Tun a gangaren farko muryar ta mutu. Ta girgiza rediyon, ta buga shi a tafin hannu.

"Kaka, ya lalace."

"Lafiyarsa lau, amaryata."

Ya nuna mata tsohon layin alli a bango, na shekarar farko. A nan suke tsaye. Ya laluba aljihu, sai ya fasa, ya fito da hannunsa ba komai.

Mun gode, Baba Shuu, kunnen marasa kunne. Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da ke hawa ƙarfen nan a yau, ku riƙa gangarowa da ƙafarku ku ji inda murya take mutuwa. Wata damina tana tafe, madatsar kuma tana nan.

A hanyar gida yarinyar ba ta ƙara buga rediyon ba. Ta gane cewa murya ba ta zuwa da kanta, kakanta ne yake kawo ta.