Ranar da Baffa Ya Ɗaga Riga

Ƙanena direban keke napep ne, kuma duk unguwarmu a Azare an san ko kaza ba ya iya yankawa. Amma shi aka rubuta wa laifin dukan ɗan sanda a bakin aiki. Ni da na ji, dariya na fara yi, kafin na zauna na yi kuka.

Ga yadda aka yi. Ranar kasuwa ya ɗauko wani dattijo Bafulatani daga rugarsu da ke bayan gari, wanda kowa ke ce wa Baffa. A wani shinge aka tsayar da su, wani ƙaramin ɗan sanda ya ce Baffa ya sauko ya miƙa sandarsa. To, raba Bafulatani da sandarsa ai sai da lallashi. Baffa ya ɗan yi jinkiri, sai kulki a haƙarƙari, har sau biyu. Da aka ɗaga na uku, ƙanena ya riƙe kulkin. Iyakar abin da ya yi ke nan, wallahi. Ya kwana biyu a tsare, aka riƙe keken, aka ba da belinsa, aka ce Litinin ta sama a haɗu a kotu.

A lokacin kuwa ba zancen da ake sai na gyaran aikin 'yan sanda. Ka kunna rediyo shi ne, ka shiga ɗakin malamai a firamaren da nake koyarwa shi ne. Wani ya ce kowace jiha ta kafa nata 'yan sandan. Wani ya ce tab, ai 'yan siyasa ne za su mai da su karnukan farauta. Hedimasta ya ce a fara gyara musu barikinsu da ke yoyo tukuna. Ni kuwa bakina ya fi na kowa, don ni ce wuta ta ci wa gefen zane.

Ana haka sai muka ji wani kwamiti zai zo sauraron koken jama'a ranar Asabar, har da wani babban ɗan sanda, wanda aka ce ya yi alkawarin duk wanda ya kawo shaida za a duba maganarsa nan take. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama! Na hau acaɓa na tafi ruga. Baffa yana kwance a inuwa, numfashi da ƙyar, amma da ya gan ni ya miƙe zaune kamar lafiyarsa lau. Na zazzage masa komai. Ya ce, "Zan zo, Malama."

Na dawo gida ina ta rawar jiki. Ban lura ba cewa zuwa kaɗai ya ce zai yi. Ga kuma wautar da na ƙara: na roƙi mijin babbar 'yarsa ya rako shi, wai don a ga muna da jama'a. Ni da na girma da Fulani maƙwabta, na manta da kunyar da ke tsakanin Bafulatani da surukinsa. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gabansa!

Ranar Asabar ɗakin taron ya cika maƙil, har ta taga ake leƙe. 'Yan acaɓa, 'yan kasuwa, mata da goyo, kowa da abin da ke cinsa. Wani ya tashi ya yi magana a yi tafi, wani a yi masa ihu. Ni ina gaba-gaba, takardata a hannu, gefena uwar mijina, Hajiya. Babarbariya ce, iyayenta daga Yobe suka zo, kuma cewa ta yi zaman gida ya ishe ta, za ta zo kallo.

Aka kira ni. Na tashi na yi bayani tiryan-tiryan. Babban ɗan sandan ya saurara, bai katse ni ba. Ya sa aka shigo da ƙaramin, ya tsaya a gefe yana muzurai. Sannan ya juya wajen Baffa.

"Baba, an dake ka?"

Baffa ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba komai."

"Baba, tambayarka nake. Yaron nan ya taɓa ka?"

"Lafiya lau nake. Allah ya ba mu haƙuri."

Innalillahi! Ji na yi kamar an watsa min ruwan randa. Na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai. Na dubi surukin Baffa, shi ma ƙasa yake kallo, sai a sannan na gane abin da na aikata. Dattijon da ya shekara saba'in bai taɓa cewa wayyo ba, shi zai ce yaro ya dake shi, a gaban mijin 'yarsa? Babban ɗan sandan ya fara tattara takardu, ya ce tunda haka ne sai a bar wa kotu.

Sai na ji Hajiya ta yi wata irin shewa, ko tashi ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ƙyale bawan nan nawa! Ba wanda ya taɓa shi. Hular ɗan sanda ya hango ya zube don tsoro. Fulani ai haka suke, sai dogon wuya da gudu!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Kowa a nan ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi, ba a kuma barin magana ta faɗi ƙasa. Baffa ya ɗago kai a karon farko, ya nemi mai maganar, ya ga zanen fuskarta.

"Af! Ashe Babarbariya ce. Wa ya kwance ki kika shigo cikin mutane?"

"Ni na kwance kaina, na zo ganin ragon da ya suma!"

"Ni? Ni na suma?"

"To in ba suma ka yi ba, ina shaida? Baki dai, irin naku!"

Jama'a, ban san sanda na miƙe tsaye ba. Baffa ya jingina sandarsa da tebur, ya kama bakin rigarsa ya ɗaga har kafaɗa. A ƙirjinsa akwai tsofaffin tabo guda biyu, dogaye, sun yi fari. Ƙasa da su kuma, a haƙarƙari, wuri ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, shatin kulki biyu kwance a kai. Dariyar ta ɗauke ɗif.

Ya nuna na saman, Hajiya yake kallo, ba manyan ba. "Wannan na sharo ne. Da son raina na tsaya, ban motsa ba, da shi na auri uwar 'ya'yana." Ya sauke yatsa. "Wannan na yaron can ne. Nan ma ban motsa ba. Da mai keken nan bai riƙe na ukun ba, da yanzu kina cin tuwon sadakata."

Kai! Ɗakin nan kamar zai tsage. Kabbara, tafi, 'yan acaɓa suna dukan benci. Babban ɗan sandan ya taso da kansa ya duba, ya juya ya yi wa ƙaramin wani kallo, ya ce ya jira shi a waje. A gaban kowa ya ce an janye ƙarar, a saki keken yau, a kuma kai Baba asibiti a motarsa. Na rungume ƙanena ina kuka ina dariya, ɗankwalina ya faɗi ban ma sani ba.

Da la'asar a keken muka koma gida, ƙanena na tuƙi. Ni sai zuba nake, ina kwaikwayon muryar Hajiya, ina cewa ranar Litinin sai hedimasta ya ji yadda ake gyaran 'yan sanda. Can na juya wajen Hajiya da ke gefena. Na leƙa fuskarta, hawaye take sharewa da bakin mayafi.

"Hajiya, lafiya? Ai mu muka yi nasara!"

Ta ce, "Yi min shiru, 'yar nan. Kin ga surukinsa sanda ya ɗaga rigar? Fita ya yi. Dattijo ya tuɓe a gaban duniya saboda ƙaninki, kuma ni na sa shi."

Ƙanena ya ci gaba da zuwa rugar duk ranar kasuwa, ko Baffa zai shigo gari. Kullum sai Baffa ya aiko masa da nono a ƙwarya, ya ce a gaishe da Malama da Hajiya baiwarsa. Haƙarƙarin ya warke tuntuni, amma har yau Baffa bai sake taka Azare ba.